Musu a Harshen Ingilishi

1. Abin da ya kawo wanga darasi

Ƴan'uwa masu karatun manya, maza da mata, darasinmu na yau a kan musu yake. Akwai musun bakin kasuwa, wanda ake yi a kan kokowa ko ƙwallo, a tashi kowa ya kama gabansa. Akwai kuma musu mai nauyi: an ce ka yi abu, kai kuwa ka ce ba ka yi ba. An ce ana bin ka bashi, ka ce ba a bin ka. Irin wanga musu na biyu shi ke raba mutum da dukiyarsa, ko ya tsare mashi ita. Shi za mu duba.

Ku lura da abu guda tun daga farko. A rubuce, musu iri biyu ne a Hausa. Akwai na "na gaya musu", akwai na "ya yi musu". A kan na biyun muke magana.

A nan Nijar, in an ce Turanci, da yawa Faransanci suke nufi. To wanga darasi na Ingilishi ne, harshen Ingila da Amurka, wanda kuma shi ne harshen hukuma a Najeriya da Gana. Wani zai ce: mi ya haɗa ni da shi? Ga amsa. Iyakarmu da Najeriya doguwa ce, wajen kilomita 1500. Mutumin Maraɗi na bi ta Ɗan Isa ya shiga Jibiya da Katsina. Mutumin Damagaram na bi ta Matamai ko Magariya ya nufi Daura da Kano. Mutumin Tawa na bi ta Ƙonni ya shiga Illela har Sakkwato. A kasuwa, Hausa ta ishe ka. Amma takardar banki, ta asibiti, ta gidan shari'a, galibi da Ingilishi ake rubuta su. Ma'aikacin da ka tarar a shinge kuma ba dole ne ya zama Bahaushe ba. Yana iya zama mutumin kudu wanda bai jin Hausa ko kaɗan. Har a gida ma, dokar sake gina ƙasa da aka sa ma hannu a watan Maris na 2025 ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki.

Ba a iya harshe a darasi guda. Amma kalmomi huɗu ba su fi ƙarfin kowa ba. Wanda ya riƙe su, zai san mi ake tuhumarsa da shi, kuma zai san mi bakinsa ya faɗa.

2. Kalmomin huɗu da yadda ake faɗinsu

Mu a Hausa muna da musu, da musantawa, da inkari, da ƙaryatawa, da ƙi, da hanawa. Kowace da wurin zamanta. Haka ma Ingilishi. Ga nasu:

deny, ana faɗinta dinai. Musantawa, wani bi kuma hanawa.
refuse, ana faɗinta rifyuz. Ƙi.
contradict, ana faɗinta kontradikt. Saɓa ma magana.
refute, ana faɗinta rifyut. Ƙaryatawa da hujja.

A ajinmu mun koyi cewa kowane baƙi da muryarsa, yadda aka rubuta haka ake karantawa. Ingilishi bai bin wagga ƙa'ida. Dubi deny. Harafin y na ƙarshe, ai ake faɗinsa, kamar ƙarshen kalmar kai. Dubi contradict. Harafin c na ciki ba irin na "ciki" da "cuku" ba ne, k ake faɗinsa. Kada wannan ya karya maku gwiwa. Ɗiyan Ingila ma sai sun sha wuya a lakwal kafin su iya rubutun harshensu.

Wanda ya taɓa jin Faransanci zai ga kamar ya san waɗanga kalmomi. Da dalili. A shekarar 1066, wani basarake mai suna Wiliyam ya taso daga Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka yi shekaru ɗaruruwa fada da gidan shari'a na Ingila suna aiki da Faransanci. Kalmomi dubbai suka shiga Ingilishi ta wagga hanya, har da deny da refuse. Ita kuwa contradict daga Latin take, tsohon harshen Rum. Gaɓa biyu ce: ta farko na nufin kishiya, ta biyu na nufin faɗi. Wato faɗin kishiyar abin da aka faɗa. A Faransanci contredire ake cewa. Kamar dai yadda mu muka ari inkari da shaida da hukunci daga Larabci.

3. Deny: "ban yi ba"

Babban aikin deny shi ne musantawa. An jingina maka abu, ka ce ba haka ba ne. In abin ya wuce, sai y ta koma i, a ƙara ed: denied, ana faɗin dinaid. Hanya uku ake gina jimla da ita.

Hanya ta farko, a kawo sunan abin da aka musanta kai tsaye:

He denied the charge.
Ya musanta tuhumar.

She denied the debt.
Ta musanta bashin.

Hanya ta biyu, a sa that, wato "cewa", sannan a kawo magana cikakkiya:

The driver denied that he took the money.
Direba ya musanta cewa ya ɗauki kuɗin.

Hanya ta uku, a liƙa ing a wutsiyar aikin:

The driver denied taking the money.
Direba ya musanta ɗaukar kuɗin.

Jimlolin nan biyu na direba abu guda suke faɗi, ta ƙarshen ta fi gajarta kawai. Akwai hanyar da ba a bi: ba a sa to bayan deny. Wanda ya ce "he denied to take the money" ya yi kuskure. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa in mun zo ga refuse.

Sunan aikin shi ne denial, ana faɗin dinayal, wato musu ko inkari.

His denial was weak.
Musunsa ba ya da ƙarfi.

Kishiyar deny ita ce admit, wato amsa laifi ko yarda da abin da aka faɗa.

He admitted the debt.
Ya amsa cewa ana bin sa bashin.

Yanzu ga abin da ya fi komi a wanga sashe. Kalmar deny ba alƙali ba ce. Ba ta cewa mai musu ya yi gaskiya, ba ta cewa ya yi ƙarya. Iyakarta ta ba ka labari cewa ya ce a'a. Ɓarawo na yin deny, wanda aka yi ma ƙazafi ma na yin deny. Don haka in ka ji a rediyo an ce gwamnati kaza ta musanta labari, abin da ka samu guda ne: ta ce ba haka ba ne. Ko haka ne, ko ba haka ba ne, wannan sai an bincika.

Za ku kuma riƙa jin wata jimla daga bakin manyan ma'aikata:

We can neither confirm nor deny it.
Ba mu tabbatar ba, ba mu musanta ba.

Mai faɗin haka ya rufe bakinsa ne da ladabi. Kada ka ɗauka ya amsa, kada ka ɗauka ya musa.

4. Deny ta biyu: "an hana ka"

Kalmar na da fuska ta biyu, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Wani bi deny hanawa take nufi. Ka nemi abu, mai iko da shi ya ce ba ka samu.

They denied him a visa.
Sun hana shi biza.

The judge denied him bail.
Alƙali ya hana shi beli.

She was denied entry.
An hana ta shiga.

Ƙaƙa za ka bambanta ta musu da ta hani? Dubi abin da ya biyo bayanta. In magana ce, ko tuhuma, ko zargi, to musu ne. In kuwa mutum ne ya biyo, sannan wani abu da ake nema, kamar biza ko beli ko izini, to hani ne. A jimlar biza, him shi ne mutumin, visa ita ce abin da ya nema. Abu biyu suka biyo bayan kalmar: wanda aka hana, da abin da aka hana shi.

Masu salula sun sha ganin wagga fuska ba su sani ba. In waya ko kwamfuta ta rubuto maka access denied, cewa take ƙofa a rufe take, ba ka da izinin shiga. Sau da yawa lambar sirri ce ba daidai ba. Ba ƙarya ta ce ka yi ba, kuma wayar ba ta lalace ba. Haka in ka nemi abu a ofis da takarda, aka maido maka ita da hatimin denied, an ƙi ba ka abin da ka nema ne. Kishiyarsa approved ko granted, wato an yarda, an ba ka.

5. Deny da refuse: "ban yi ba" da "ba ni yi"

Bahaushe bai haɗa "ban ci ba" da "ba ni ci". Ta farko labari ce a kan abin da ya faru. Ta biyu niyya ce a kan abin da ake son ka yi. Wannan shi ne bambancin deny da refuse. Deny ta mai cewa "ban yi ba" ce. Refuse ta mai cewa "ba ni yi" ce. Kuma refuse ita ke tafiya da to:

He refused to pay.
Ya ƙi biya.

She refused to sign.
Ta ƙi sa hannu.

Mu ɗauki misali daga fatauci. Ɗan kasuwa ya kai buhun wake 40 ƙetare. Wani dillali ya kai ƙararsa, ya ce yana bin sa kuɗin buhu 10. Ɗan kasuwa ya san babu wanga bashi. Aka kira shi, ya yi bayani, ma'aikaci na rubutawa. Dubi jimla biyu da za a iya rubuta mashi:

He denied the debt.
Ya ce babu bashin.

He refused to pay the debt.
Ya ƙi biyan bashin.

Ta farko ta bar nauyi a kan dillali, sai ya kawo shaidu ko takarda. Ta biyu kuwa, mai karanta ta zai ɗauka bashin na nan, mutumin ne mai taurin kai. Kalma guda ta sauya, matsayin mutum ya sauya. In ɗan kasuwa ya dangwala yatsa a kan ta biyu bai sani ba, ya ɗaure kansa da igiyar da bai gani ba. Shi ya sa mai sa hannu ya kamata ya nemi kalmar da idonsa, ya ga denied aka rubuta ko refused.

6. Contradict: magana ta ci karo da magana

Deny na mutumin da aka tuhuma ce, shi ke kare kansa. Contradict ta fi faɗi. Duk inda magana biyu suka kasa zama wuri guda, in ɗaya gaskiya ce dole ɗayar ta faɗi, to ga contradict. Iri uku ne.

Na farko, mutum ya saɓa ma maganar wani:

The witness contradicted the driver.
Mai shaida ya saɓa ma maganar direba.

Ku lura: ana cewa contradict mutum, amma ba a cewa deny mutum da wagga ma'ana. Magana ake musantawa, mutum ake saɓa ma.

Na biyu, mutum ya saɓa ma kansa. Da safe ya ce bai taɓa ganin kayan ba, da marece ya ce shi ya ɗora su a mota. Mu muna cewa ya yi baki biyu, ko yana tufka da warwara. Su kuma:

He contradicted himself.
Ya saɓa ma kansa.

In mace ce, herself ake cewa. In kai ake gaya ma, yourself. Ranar da mai bincike ya ce maka "you are contradicting yourself", cewa yake maganarka ta yanzu ba ta yi daidai da ta ɗazu ba.

Na uku, abu marar baki ma na yin contradict. Takarda na saɓa ma takarda, lamba na saɓa ma lamba:

The two papers contradict each other.
Takardun biyu sun saɓa ma juna.

Takardar duwan ta ce buhu 40, ta mai mota ta ce buhu 50. Babu wanda ya buɗe baki, amma ga saɓani a fili. Sunan abin contradiction, ana faɗin kontradikshan.

There is a contradiction between the two dates.
Akwai saɓani tsakanin ranakun biyu.

Wannan na faruwa da mutanenmu da yawa. Katin shaida ya ce an haife ka a 1984, fasfo ya ce 1986. Ko a wata takarda an rubuta sunanka da rubutun Faransanci, a wata da na Ingilishi, Ousmane a nan, Usman a can. Ma'aikacin da ya ce akwai contradiction bai kira ka maƙaryaci ba tukuna. Ya ce takardunka ba su jitu ba. Gyara ake nema, da bayani cikin natsuwa. Tun kana gida, jera takardunka ka karanta suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Ga amfanin karatun da kuke yi.

7. Refute: musu mai hujja

Kowa na iya yin musu, baki kawai yake buƙata. Refute kuwa sai da hujja a hannu. Wanda ya yi refute ya nuna a fili cewa maganar ƙarya ce. An ce ba ka biya ba, ka ce ka biya: wannan deny ne. Ka zaro takardar biya da hatimi ka ajiye a tebur: wannan refute ne. Gani ya kori ji. Sai dai ku sani, wasu masu jin Ingilishi na sakaci da kalmar, su ce refute alhali musu kawai aka yi. Don haka in ka ji ta, tambayi kanka: ina hujjar?

Akwai labari na gaskiya da ya shafi ƙasarmu, wanda ya tara kalmomin nan wuri guda. Kowa ya san Nijar na haƙo uraniyom a Arlit. Ranar 28 ga Janairu 2003, shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, ya faɗa ma majalisar ƙasarsa cewa gwamnatin Birtaniya ta gano Saddam Husaini na Iraƙi ya nemi uraniyom a Afirka. Akwai wasu takardu da ke yawo a lokacin, masu cewa Nijar ta yarda ta sayar ma Iraƙi tan 500. Hukumomin Nijar suka musanta. Amma musu kaɗai bai kashe maganar ba.

Sai takardun suka isa hannun hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya, wadda ke Biyana, babban birnin Ostiriya. Masananta suka duba. Cikin abin da suka gani, akwai wasiƙa mai ɗauke da watan Oktoba na 2000, da sunan ministan harkokin wajen Nijar a ƙasanta. To wanga minista ya bar kujerar tun 1989. Ranar 7 ga Maris 2003, shugaban hukumar, Muhammad Albaradai, mutumin Masar, ya shaida ma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun ba na gaskiya ba ne. Duk da haka aka fara yaƙin Iraƙi ranar 20 ga Maris. A watan Yuli na shekarar, fadar shugaban Amurka ta amsa cewa bai kamata maganar ta shiga jawabin ba.

Ga labarin da jimla huɗu:

Niger denied the story.
Nijar ta musanta labarin.

The date contradicted the signature.
Ranar ta saɓa ma sa hannun.

The experts refuted the claim.
Masana sun ƙaryata zargin da hujja.

The White House admitted the mistake.
Fadar shugaban Amurka ta amsa kuskuren.

Dubi abin da ya tona asirin takardun jabu. Wani ne ya zauna ya karanta rana, ya karanta suna, ya ga ba su jitu ba. Irin duban da muka ce ku yi ma katin shaida da fasfo ke nan.

8. Tarkon "yes" da "no"

Yanzu mun zo ga wurin da ya fi kada Bahaushe. Kowa ya san yes shi ne i, no shi ne a'a. In tambaya miƙaƙƙiya ce, babu wahala. Wahalar na zuwa in tambayar na da "ba" a ciki.

A Hausa, in aka ce maka "Ba ka biya ba?", kai kuwa ka biya, cewa kake "A'a, na biya." In ba ka biya ba, ka ce "I, ban biya ba." Wato amsarmu na bin bakin mai tambaya: i, maganarka daidai, ko a'a, maganarka ba daidai ba. Ingilishi ba ruwansa da bakin mai tambaya. Aikin yake bi. In an yi aikin, yes. In ba a yi ba, no. Ko ta wace hanya aka juya tambayar, amsar ba ta sauyawa.

Didn't you pay?
Ba ka biya ba?

Yes, I paid.
Na biya.

No, I did not pay.
Ban biya ba.

Ga tarkon. Ka biya. Ma'aikaci ya ce "You did not pay?" Zuciyarka ta ce a'a, na biya. Bakinka ya fassara, ya ce "No." Shi kuwa abin da ya ji shi ne ba ka biya ba. Ka amsa laifin da ba ka yi ba. In ka dawo kana cewa ka biya, sai ya ce kana saɓa ma kanka. Faransanci ya yi ma wagga matsala magani da kalmar si, wadda ake amsa tambaya mai "ba" da ita in an yi aikin. Ingilishi ba ya da irinta.

Haka kuma in an tambaye ka da kalmar deny kanta:

Do you deny it?
Ka musanta?

A nan yes na nufin "na musanta, ban yi ba". No na nufin "ban musanta ba". Mutum na jin an tuhume shi, ya yi saurin cewa "No! No!" don ya kare kansa, alhali ya ce bai musanta ba.

Maganin abu guda ne. Kada ka amsa da yes ko no tsirara. Kawo jimla cikakkiya. Ga guda biyar, ku hardace su kamar lambar wayarku:

I paid. Na biya.
I did not do it. Ban yi ba.
I deny it. Na musanta.
It is not mine. Ba nawa ba ne.
I do not understand. Ban gane ba.

9. In magana ta kai ga hukuma

Ta biyar ɗin nan ta fi sauran daraja. Cewa "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. Matambayi ba ya ɓata. Abin da ke ɓad da mutum shi ne gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba, don kada a ce bai waye ba.

In ana tuhumar ka da laifi a Najeriya, ka sani kundin tsarin mulkin ƙasar na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a gaya mashi laifinsa da harshen da yake ji, kuma a ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'a da shi. Roƙon tafinta da Ingilishi gajere ne:

I need an interpreter.
Ina buƙatar tafinta.

A gaban alƙali, bayan an karanta tuhuma, ana tambayar mutum guilty ko not guilty. Guilty, ana faɗin gilti, amsa laifi ne. Not guilty musanta laifi ne. Ƙaramar kalmar nan not ita ce dukan bambancin. Ka tabbata ka ji ta, ka tabbata an ji ta daga bakinka.

Wanga darasi ba don koya ma mai laifi hanyar zillewa aka yi shi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai musun ƙarya shi ke fara saɓa ma kansa. An yi shi ne don mai gaskiya, kada gaskiyarsa ta salwanta a kan kalma guda. Magana zarar bunu ce. Ta baki ma ba ta komawa, balle wadda aka rubuta ka sa ma hannu. Kada ka sa hannu, kada ka dangwala yatsa, sai an karanta maka takarda da Hausa, daga sama har ƙasa, ta bakin wanda ka yarda da shi.

10. Tambayoyi

a. Wace kalma ce ta "ban yi ba", wace ce ta "ba ni yi"?
b. Waya ta rubuto access denied. Musu ne ko hani?
c. Mi ya bambanta deny da refute?
d. A labarin uraniyom, wane saɓani aka gani a cikin wasiƙar?
e. Ka biya kuɗin duwan. An ce maka "You did not pay?" Mi za ka ce?
f. Ba ka ɗauki kayan ba. An ce maka "Do you deny it?" Mi za ka ce?

11. Aikin gida

Ku kwafi jimloli biyar na sashe na 8 a littafinku, Ingilishi a hagu, Hausa a dama. Ku zauna biyu biyu, ɗaya ya zama ma'aikaci, ɗaya ya zama matafiyi, ku yi ta tambaya da amsa har baki ya saba. Sannan kowa ya fiddo takardunsa na shaida, ya duba suna da ranar haihuwa a kowace. Wanda ya ga saɓani, ya zo da su aji mako mai zuwa, mu duba tare.